Turawan Ingila da na Amurka: wa ya fi iya ba'a, wa ya fi iya mota?

Ɗan Fagge a Leeds:
Salamu alaikum jama'ar gida. Yau da tsokana na zo, wanda ba ya son wasa ya ba mu wuri.

Watan jiya na kai wa malamin da ke duba aikina babi guda. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce "quite good", wai 'yan gyare-gyare ne kawai ƙanana. Na fito ina murna har na kira Hajiya a gida na ce a taya ni godiya. Da daddare na buɗe takardar. Jama'a, babu shafin da jan biro bai ratsa ba. Abokin zamana, ɗan garin ne, ya leƙa ya yi dariya ya ce ai idan Baturen Ingila ya ce maka haka, nufinsa ka koma ka sake daga farko. Shi kuwa ƙanena da ke karatu a Texas, ko sunansa ya rubuta daidai sai malami ya ce "awesome".

Abin da na fahimta shi ne: Baturen Ingila komai ƙanƙanta shi yake yi, maganarsa, motarsa, titinsa, har fushinsa. Ba'amurke kuma komai sai ya hura masa iska. Wa ke da ja?

Hajiyar Houston:
Wa alaikumus salam ɗan Fagge. Ni ce mai ja, amma rabi. Gaskiya ne a nan ba a san ƙaramin abu ba. Kofin lemon da suke kira matsakaici, a Kano iyali guda za su raba. Amma gara mai hura maka iska da mai yi maka gugar zana kana godiya. Ba'amurke idan aikinka bai yi ba zai ce bai yi ba, ya yi murmushi, ya ce gobe za ka fi haka. Naku sai ya bar ka ka kira uwarka ka yi mata albishir na ƙarya.

Ɗan Fagge a Leeds:
Hajiya kin fara da duka ƙasa da ɗamara 😂

Malam Mai Alli:
Ɗana, abin da ya same ka ƙarami ne. Bari in ba ka na gaske. A watan Yunin 1982 wani jirgin British Airways, ƙirar Boeing 747, ya taso daga Kuala Lumpur zai je Perth, sai ya faɗa cikin tokar wani dutse mai aman wuta a Indonesiya. Injinansa huɗu duka suka mutu. Matuƙin, Kyaftin Eric Moody, ya ɗauki makirfo ya ce wa fasinjoji wai an sami 'yar ƙaramar matsala, injina huɗun duk sun tsaya, ana bakin ƙoƙari a tashe su, kuma yana fatan hankalinsu bai tashi sosai ba. 'Yar ƙaramar matsala! Allah ya taimake su injinan suka tashi, suka sauka a Jakarta lafiya.

Wani lokacin kuma halin nan yana jawo asara. A yaƙin Koriya, Afrilun 1951, a bakin kogin Imjin, sojojin Sin sun yi wa na Birtaniya zobe. Janar na Amurka ya tambayi birgediyan Birtaniya halin da ake ciki, shi kuma ya ce abin "a bit sticky", wato ya ɗan yi danƙo. A kunnen Baturen Ingila wannan ihu ne na neman agaji. A kunnen Ba'amurke kuwa, ai ɗan danƙo ba komai ba ne, sai ya ɗauka za su iya riƙewa. Bataliyar Gloucestershire ta Birtaniya akasarinta a hannun abokan gaba ta ƙare.

Ummi Zazzau:
Tabɗi. Baba Malam, ni da ina cikin jirgin nan na ji an ce 'yar ƙaramar matsala ai sai in ci gaba da barcina.

Amma ku tsaya, wannan ba halinmu ba ne? Ka je duba mara lafiya yana numfashi da ƙyar, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Ka tarar da mutum yana cin abinci ya ce bismillah, kai ma ka san ba so yake ka wanke hannu ba. Yayata da ke Birmingham ta ce maƙwabciyarta ta ce mata lallai wata rana ki zo mu ci abinci, shekara uku ke nan ba a sa ranar ba. Ai tayi ne irin namu.

Hajiyar Houston:
Ummi kin gano su. Shi ya sa 'yan Arewa ke saurin sabawa da Ingila, kara ce ta haɗu da kara. Ni farkon zuwana nan na yi wa wata abokiyar aiki tayin abincin rana, wallahi ta ja kujera ta zauna ta cinye rabin dambun, ta kuma tambaye ni yadda ake yi.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Ni dai ban je ko'ina ba, amma kullum yaƙin nan a garejina ake yinsa. Duk Turancin da ke bakin bakanike na Ingila ne, ko ya sani ko bai sani ba. But, bonet, salansa, fetur, duk nasu ne. Ba'amurke ba ya cewa ko ɗaya. But a wurinsa "trunk", bonet "hood", salansa "muffler", fetur kuma "gas".

Kwanaki wani Alhaji da ya daɗe a can ya kawo mota, ya ce wa yarona a duba masa mafla, sannan motar tana shan gas da yawa. Yaro ya buɗe ƙofar baya yana laluben abin naɗawa a wuya na sanyi, bai gani ba, ya dawo ya buɗe but yana neman tukunyar gas. Ya zo ya raɗa min wai Oga motar nan fa ba a mayar da ita mai gas ba, Alhajin nan lafiyarsa kuwa?

Ɗan Maraɗi:
Hhhh. Ku da kuke da iyayen gida biyu ke nan. Mu nan isansi muke sha, da lita, mu yi tafiya da kilomita, babu gardama. Amma ku faɗa min, mene ne galan? Kullum ina jin Turawa na cewa mota na cin mil kaza a galan guda.

Malam Mai Alli:
Ɗan Maraɗi ka taɓo wani wurin. Galan ma biyu ne. Na Ingila lita 4.5 ne da ɗoriya, na Amurka kuwa bai kai lita 3.8 ba. Wato a nan ne kaɗai Baturen Ingila ya fi Ba'amurke girman abu. Abin dariyar kuma, a Ingila da lita ake sayar da fetur, a auna titi da mil, a auna cin man mota da galan, mutum kuma idan ya hau sikeli ya faɗa maka nauyinsa da "stone", wato dutse, kowane dutse laba 14. Ba'amurke ya riƙe tsohon awo gaba ɗaya bai ji kunya ba. Baturen Ingila ya sa ƙafa ɗaya a sabo ɗaya a tsoho, ya tsaya a nan shekara hamsin.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Maganar mil ɗin nan ba wasa ba ce Malam. Yawancin Camry da Honda da ke yawo a garin nan daga Amurka aka kwaso su, agogon gudunsu da mil yake, kilomita na can ciki da ƙananan lambobi ba mai kallo. Wani direba ya rantse min bai taɓa wuce 80 ba a hanyar Zariya, amma tayoyinsa ba sa daɗewa. Na leƙa agogon na ce malam 80 ɗinka ai kusan 130 ce. Ya yi shiru, can ya ce shi ya sa Zariya ta matso kusa.

Ɗan Fagge a Leeds:
😂😂 Oga ka kashe ni. To ga shi nan dai: bakinmu na Ingila, motarmu ta Amurka.

Hajiyar Houston:
Kuma hannun tuƙinmu na Amurka, kar ka manta. Kai ne kake can kana bin hagu kamar mai gudun bashi.

Malam Mai Alli:
Hajiya, mu ma hagun muke bi da. Ina saurayi aka sauya, ranar 2 ga Afrilun 1972, zamanin Janar Gowon. Ba don Amurka aka yi ba, don maƙwabta ne: Nijar, Kamaru, Chadi da Dahomey (Benin ta yanzu) duk dama suke bi irin na Faransa, direban babbar mota in ya tsallaka iyaka sai ya sauya hannu. Gana ta biyo baya a 1974. An yi wata da watanni ana shela a rediyo kafin ranar. Har akwai barkwancin da ake yi lokacin, wai wani ya ba da shawara a bi abin a hankali, manyan motoci su fara komawa dama a makon farko, ƙanana su biyo baya a mako na biyu.

Ummi Zazzau:
Baba Malam wannan mai shawarar jikokinsa ne ke tuƙa Adaidaita yanzu.

Ɗan Fagge a Leeds:
Bari in kare masu masaukina kaɗan. Ƙanƙantar motarsu da dalili. Titunan unguwarmu an shata su tun kafin a ƙera mota, gidaje a manne, kowa ya ajiye mota a bakin titi hagu da dama, abin da ya rage a tsakiya mota ɗaya ce ke wucewa. In kun haɗu da wani, ɗaya zai raɓe, ɗayan ya wuce ya ɗaga masa yatsu. In ka wuce ba ka ɗaga hannun nan ba, ka yi babban laifi, amma ba zai zage ka ba, zai ce "you're welcome" shi kaɗai a cikin motarsa. Hon kuwa, dokar hanya ta hana dannawa a cikin gari daga sha ɗaya da rabi na dare zuwa bakwai na safe. Ku kwatanta da Kano.

Sannan fetur a nan ya kusa ninka na Amurka tsada saboda haraji. Motar Mini ma da ta fito a 1959, ƙarancin mai ne ya haife ta bayan rikicin mashigin Suez na 1956. Aka ce wa injiniya Alec Issigonis ya ƙera motar da ba ta wuce ƙafa goma ba amma ta ɗauki mutum huɗu, sai ya kwantar da injin a gicciye.

Hajiyar Houston:
Ƙafa goma! A nan wannan ai a bayan akori-kurar maƙwabcina za a ɗora ta a tafi da ita. Motar da ta fi kowace ciniki a ƙasar nan sama da shekara 40 ita ce Ford F-Series, akori-kura ce fa. Kuma mafi yawan masu ita da nake gani ba buhu ko ɗaya suke ɗauka ba, mutum ɗaya ne a ciki da kofin gahawa zai tafi ofis. Babbar hanyar Katy da ke garin nan, akwai inda in ka haɗa da na gefe layukanta sun haura ashirin, kuma duk da haka da yamma cunkushewa take yi. Banki, kantin magani, wurin abinci, duk daga cikin mota ake yi. Ranar da na ce zan taka zuwa kanti, tafiyar minti goma, mutum biyu suka tsaya suna tambaya ko motata ce ta lalace.

Amma ɗan Fagge, tunda kana yabon motocin Ingila, faɗa wa jama'a na wa ne yanzu.

Ɗan Fagge a Leeds:
Hajiya a bar tone-tone.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Ni zan faɗa. Mini da Rolls-Royce na BMW ne, Bentley na Volkswagen, duk Jamusawa. MG ta koma hannun 'yan Sin. Jaguar da Land Rover kuwa Tata na Indiya ya saye su a 2008, wato wanda aka yi wa mulkin mallaka ya dawo ya saye dokin uban gidansa. Ita Landirobar ma da ta fito a 1948, Jeep ta sojan Amurka aka kalla aka yi ta. Shi ya sa har gobe kowace mota mai tudu jif muke ce mata, ko da Toyota ce.

Abu ɗaya da zan ba Ingila: sun iya giyar hannu. Na ji in ka yi gwajin lasisi da otomatik, ba ka da izinin taɓa mai kulochi.

Ɗan Fagge a Leeds:
Haka yake Oga. Ga kuma shataletale. A garin Swindon akwai wani da aka buɗe a 1972, ƙananan shataletale biyar ne suka kewaye babba guda, a zoben ciki ma juyawa ake yi saɓanin yadda aka saba. Na bi ta wurin sau ɗaya a motar aboki, salati kawai nake yi. Ka saka Ba'amurke a nan sai dai a zo a ɗauke shi.

Hajiyar Houston:
Mu kuma muna da mararraba mai alamar tsayawa ta kowane ɓangare huɗu, wanda ya riga isowa shi ke fara wucewa, kuma ana bi. Ka kawo wannan tsarin Kwanar Dawaki ka gani.

Abban Sultana:
Ina ta karatu ban ce komai ba, amma kun bar ainihin tambayar. Wa ya fi ban dariya? Ni a wurina an gama magana: Mista Bin. Babu gidan kallo ko motar safa da ba a saka shi ba, kakata da ba ta jin ko "come" tana dariya har da hawaye. Mutumin da ke sa wa ƙofar Mini ɗinsa kwaɗo, ya ɗaure kujera a saman rufi ya zauna yana tuƙi da sandar goge-goge. Kashi 15 kacal aka yi, daga 1990 zuwa 1995, amma ka ce ɗari ne. Kuma Rowan Atkinson ɗin injiniyan lantarki ne, har digiri na biyu ya yi a Oxford. Ina na Amurka da ya kai nan?

Ummi Zazzau:
Abban Sultana, ai Mista Bin ya rushe maganar ɗan Fagge ne. Ina gugar zana a wurin mutumin da ya cusa kansa cikin talotalo? Wannan ai wauta ce tsagwaronta, irin ta wawan sarki.

Ɗan Fagge a Leeds:
Ba ta rushe ba Ummi. Ki lura, kullum shi ne a ƙasa. Ba ya cin nasara, ba ya da aboki sai 'yar tsana, kuma duk abin da yake yi don gudun jin kunya ne a gaban mutane. Nan ne bambancin yake. Gwarzon barkwancin Ingila wanda duniya ta juya wa baya ne, ana dariyar faɗuwarsa. Na Amurka mai kaifin baki ne, shi ke jefa magana a yi tafi. Dubi The Office, shirin barkwanci na talabijin a kan ma'aikatan wani ofis. Na Ingila kashi 14 aka yi aka rufe, manajan abin tausayi ne, kana kallo kana jin kunya a madadinsa. Da Amurkawa suka ɗauka sai da suka yi kashi 201 cikin shekara takwas, suka kuma gyara manajan ya zama wawa mai kyakkyawar zuciya, don ba za su iya zama da mutumin da ba sa so ba tsawon wannan lokaci.

Hajiyar Houston:
To tsaya in ba ka ɗaya, ka ce min Amurkawa ba su iya habaici ba. A Janairun 2024 wata farfesar kimiyya a nan ta ce a riƙa jefa ɗan gishiri a shayi yana rage ɗaci. Jaridun Ingila suka ɗauka kamar an zagi sarki. Sai ofishin jakadancin Amurka a Landan ya fitar da sanarwa a hukumance, da hatimi da komai, wai yana tabbatar wa mutanen Birtaniya cewa sa gishiri a shayi ba manufar gwamnatin Amurka ba ce, kuma ba zai taɓa zama ba. A layin ƙarshe suka ce ofishin zai ci gaba da haɗa shayi yadda ya dace, wato a dumama shi a microwave. Ka tuna su ne suka zubar musu da ganyen shayi a teku a Boston a 1773.

Ɗan Fagge a Leeds:
Wannan kam na sallama, ta shiga.

Malam Mai Alli:
Kuma kada ku ɗauka Ba'amurke ne kullum ya ɓata harshen. Wani Ba'amurke, Noah Webster, shi ne da gangan ya sauya rubutun a ƙamusunsa na 1828, ya cire u daga "colour", ya juya "centre" ta koma "center", don sabuwar ƙasa ta sami nata. Ya so ma a rubuta "tongue" a matsayin "tung", mutanensa suka ƙi. Amma "fall" da suke kiran lokacin kaka, da "gotten", tsohon Turancin Ingila ne da suka tafi da shi suka adana, masu shi suka yar. Ita "soccer", wato ƙwallon ƙafa, da 'yan Ingila ke jin haushinta, ɗaliban Ingila ne suka yanko ta daga "association". Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, da kansa ya ba da labarin yadda hafsoshin ƙasashen biyu suka yi ta musu a lokacin yaƙin duniya na biyu a kan kalmar "table": na Ingila na nufin a kawo batun a tattauna yanzu, na Amurka na jin a jingine shi. Sun daɗe suna gardama kafin su gane abu ɗaya suke so.

Shekara talatin ina jan layi da jan biro a ƙarƙashin "color" a littafin yara. Yanzu waya ce ke ja min layi in na rubuta "colour".

Ɗan Maraɗi:
Ni duk abin nan wasan taubasai nake gani. Kamar mu da ku, mu ce lakwal ku ce makaranta, ku yi mana dariya mu yi muku.

Ummi Zazzau:
A'a, ba taubasai ba ne, wasan jika da kaka ne. Jikan ya yi kuɗi ya sayi ƙatuwar mota, kakan yana zaune a tsohon gida yana gyara masa magana.

Abban Sultana:
Kuma kakan ya sayar da dawakinsa duka.

Matar Soja:
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Nasihata ɗaya ga masu shirin tafiya Ingila: kar ka yabi "pants" ɗin kowa. A Amurka wando ne, a Ingila ɗan kamfai. Maigidana ya je kwas, ya ce wa wani hafsa nasa sun yi kyau a ina ya saya. Har yau in an tuna masa sai ya tashi ya bar ɗakin.

Ɗan Fagge a Leeds:
Innalillahi 😂 Me hafsan ya ce?

Matar Soja:
Wai ya dube shi ya ce ya gode ƙwarai, bai san ana ganinsu ba.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Hajiyar Houston, tunda kina nan, don Allah in za ki turo kaya ki haɗo min da fitilar baya ta Camry 2010, ta hagu. In kin je kar ki ce musu tarafiketa, ban san me suke ce mata ba.

Hajiyar Houston:
"Blinker" suke cewa. Hagun wa, naka ko na ɗan Fagge?